Keke a Burtali: Hanyar Shanu Ce Ko Ta Kowa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Dagumawa a jajibirin kasuwar Wudil, musamman da damina ta yi nisa, ya san irin wannan cunkoso. Garke ne a gaba, ana kora shi zuwa kara, ƙaho na gugar ƙaho. Dama da hagu gero ya fi mutum tsayi, manomi ya ja kunyarsa har bakin sawun kofato. A baya ga wani saurayi a kan keke mai giya, taya jibga-jibga, ya buga ƙararrawa har ya gaji, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa.

"Sannu da aiki, Baffa, a ɗan ba ni hanya mana."

"Kai ɗan samari, hanyar tana ina? Ka tambayi mai gonar nan inda ya kai ta."

Mai gonar kuwa yana tsaye da fartanya a kafaɗa, idonsa na kan bakin saniyar da ke gefe, ba ruwansa da mai keke sai in tayarsa ta hau kunya. Mutum uku, kowa na ganin shi ne mai gaskiya, a kan 'yar siririyar ƙasar da babu wanda ya saya a cikinsu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, irin wannan gardama ta shekara arba'in tana cin wuta a Amurka, har ta kai gaban majalisa. A can ne aka haifi keken hawa dutse. A tsakiyar shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa kwaso tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan tsauni a guje. A 1976 suka fara tseren da ake kira Repack, a 1977 Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan aiki, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa. Kafin a ankara, wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Amma tun 1964 Amurka tana da dokar da ta keɓe wasu dazuzzuka ta haramta duk wani abin hawa na inji a cikinsu, kuma a 1984 hukumar gandun dajin ƙasar ta fassara dokar cewa har da keke. Daga nan aka ja daga. Masu tafiya a ƙasa da masu dawaki suka ce keke na lalata hanya yana firgita mutane, masu keke suka ce da harajinsu ake kula da dajin. A 1988 suka kafa ƙungiyar IMBA domin neman a buɗe musu hanyoyi, kuma har yau ba a kai ƙarshen maganar ba.

To, ina ruwan Dagumawa da wannan? Ƙasar Wudil shimfiɗe take, yashi da fadama da bakin kogi. Wanda ke son dutse sai ya nufi Rano, ko Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ko ya tsallaka Birnin Kudu. Sai dai keken daji bai damu da dutse kawai ba, abin da yake nema shi ne hanyar da ba kwalta, ba mota. Irin waɗannan kekuna kuwa sun cika kasuwannin Kano, na hannu daga Turai, kuma yanzu ba abin mamaki ba ne a ga ayarin matasa da hular kwano sun fito daga birni da sassafe ranar hutu. Wudil tafiyar kilomita arba'in ce ko kusa da haka, ga ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga na Makarantar Horar da 'Yan Sanda. Tambayar da ta raba kan Amurkawa tana tafe, ko ma a ce ta iso: shin ƙasar da ta zama ta jama'a, burtali da gaɓar kogi da dajin gwamnati, mai keke yana da haƙƙin bi?

Masu cewa a buɗe suna farawa ne da dariya. Suna cewa a ƙasar Kano ba a neman wa keke izini, domin ya riga dokar zuwa. Dattawa suna tuna zamanin da keken Rali ke cikin kayan alfahari, har kamfanin yana da masana'anta a Kano, zamanin da En'e ke karɓar kuɗin lambar keke. Da keke ake kai tumatir da albasa daga fadama, da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi mai faci ya ci abinci ya aurar da 'ya'ya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa sun sauko da tsohon kekensu daga rataye, sun sa masa sabon tif da sarƙa. Wanda ya hau domin motsa jini da wanda ya hau domin kai kaya, in ji su, taya ɗaya suke takawa, ba a ce a hana wannan a bar wancan.

Suna kuma nuna babban titin Kano zuwa Maiduguri. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a gefen wannan titi, tirela na wucewa iskarta na neman kayar da shi, tifofin yashi na fitowa daga bakin kogi, ya san dalilin da ya sa mutum zai gwammace hanyar ƙasa ko da ƙaya. Ko ministan sufuri bai tsira ba: a 2001 Ojo Maduekwe, mai wa'azin a koma hawa keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa taron majalisar zartarwa. Idan ana son Kano ta fitar da 'yan tsere, suna cewa, dole a samu inda yaro zai koya ba tare da uwarsa ta kwana tana addu'a ba. Nijeriya ba ta taɓa kai ɗan tseren keke Olamfik ba sai a 2024, lokacin da Ese Ukpeseraye ta je Faris, kuma a biyu daga cikin tsererrakin sai da tawagar Jamus ta ara mata keke.

Hujjarsu mafi nauyi ba ta wasa ba ce. Suna cewa hanyar da ba a bi, gona ce gobe. Burtalin da a da aguwa ke tsare da shi ta gefe biyu, garke na wucewa a sake, yau a wurare da yawa ya koma ɗan zare, wani wurin ma ya yanke gaba ɗaya, makiyayi sai ya hau kwalta. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan a takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon raba ta karkara. Ko a watan Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce ya umarci a tono tsohuwar gazet ɗin burtalai. Duk da haka ana ci gaba da gutsurar hanya kunya ɗaya a shekara, domin wanda abin ya shafa mutum ne mai wucewa, ba ya zama a garin, sau da yawa ba ya jefa ƙuri'a a mazaɓar. Amma ka sa ɗan birni mai waya da Facebook ya saba da wannan hanya, ya zo wata rana ya tarar an shuka masara a tsakiyarta, ka ga yadda magana za ta kai sakatariya kafin la'asar. Wato mai keke, a ganinsu, ƙarin ido ne ga makiyayi.

Batun ɓarna kuwa, suna da abin kafa hujja. Wani bincike da Wilson da Seney suka wallafa a 1994, bayan gwaji a hanyoyin dajin jihar Montana, ya gano cewa kofaton doki ya fi tayar keke tayar da ƙasa, kuma jiƙaƙƙiyar hanya ta fi busasshiya saurin lalacewa ko wa ya taka ta. Hanyar da garke ɗari ya bi bai kashe ta ba, keke goma ba zai kashe ta ba. Suna ƙarawa da misalan Afirka: a Kenya ana yawo da keke a cikin gandun Hell's Gate, ana wuce jakunan dawa, a Ruwanda akwai hanyar da ta bi gaɓar tafkin Kivu, sama da kilomita 200, masu keke na kwana a ƙauyuka suna sayen abinci. Me zai hana mai shayi da mai ƙosai a Dagumawa ko Utai ko Indabo su ga irin wannan ciniki?

Ɗaya ɓangaren ba su da ƙungiya, ba su da takardar koke, amma maganarsu ba ta da sauƙin turewa.

Makiyayi shi ne na farko. Zai ce maka saniya ta san mutum, ta san jaki, ta ma saba da ƙarar babur domin tana jin sa daga nesa. Abin da ba ta sani ba shi ne abu mai sheƙi da zai ɓullo mata ta baya shiru, a guje, su shida ko goma a jere. In bijimi ɗaya ya zabura, garken ya watse cikin gero. Mai keke ya taka feda ya wuce, ko sunansa ba a sani ba. Wa za a kai gaban mai unguwa? Wa zai biya ɓarna? A ƙasar da rigimar gona da shanu ta sha cin rayuka, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Mutanen Maraɗi ba su manta da ƙauyen Toda ba, inda a 1991 aka kashe sama da mutum ɗari, akasari mata da yara, a kan irin wannan rikici. Makiyayi yana ganin an riga an matse shi da gona ta dama da ta hagu, yanzu kuma za a ƙara masa wani abokin rabo a tsakiya.

Manomi ma ba ya murna. Shi ya san halin mai abin hawa: in ya tarar da taɓo ko garke, ba ya jira, sai ya kauce ta cikin gona. Yau sawu ɗaya ne, gobe biyu, jibi an yi sabuwar hanya a kan gyaɗarsa. Ga 'yan mata masu tallar nono da ƙwarya a ka, ga yara 'yan makarantar allo, ga tsofaffi masu dawowa da itace. Hanyar ƙafa tasu ce tun fil azal, kuma ba a yi ta domin mai gudun kilomita talatin a awa ba.

Sai maganar daji, wadda ta fi duka sarƙaƙiya. Idan mai keken daji a Kano ya yi mafarki, Falgore yake gani: kusan murabba'in kilomita dubu, tsakanin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, duwatsu da rafuka da inuwa. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. Ruwan da ke sauka a can shi ke shiga madatsar Tiga, kuma shi ne, bayan ya haɗu da na Challawa, yake wucewa ƙarƙashin gadar Wudil. Saboda haka mutumin Dagumawa mai noman rani yana da rabo a lafiyar wannan daji ko bai taɓa taka shi ba. Masu kula da gandu suna cewa abin da ya rage na dabbobi kaɗan ne, kuma abin da suke buƙata shi ne a ƙyale su. Binciken da Taylor da Knight suka yi a 2003 a tsibirin Antelope na jihar Utah ya nuna dabba na guje wa mai keke kusan daidai da yadda take guje wa mai tafiya a ƙasa. Masu keke na son ambaton wannan. Abin da ba su cika ƙarasawa ba shi ne, a yini ɗaya mai keke yana cin nisan da mai ƙafa ba zai ci ba, don haka dabbobin da zai tayar sun fi yawa, kuma zai kai inda mafarauci ma sai ya yi guzuri.

Bayan dabba akwai bindiga. Falgore ya yi suna da fashi a kan hanyar Kano zuwa Jos, ya yi suna da ɓarayin shanu, har sojoji suka mayar da wani sashensa wurin atisaye. Jami'in tsaro zai ce maka duk hanyar da aka share wa keke, an share wa babur. Mutanen Arewa kuwa sun san abin da babur ya zama a daji. A birnin Kano an hana acaɓa tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A 2021 Zamfara da Katsina da Kaduna duk sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. A irin wannan yanayi, wanda ya zo yana neman a zana masa taswirar lunguna a cikin gandu domin shaƙatawa, ba lallai a karɓe shi da fara'a ba.

Akwai kuma wata magana da ba a cika faɗa a fili ba, kuma mai wannan rubutu yana ganin ita ce ta fi ciwo. Ana korar mai saran itace daga gandu, ana kama mai yin gawayi, ana cewa makiyayi ya fita ko ya koma Ɗansoshiya ta ƙaramar hukumar Kiru inda gwamnatin Ganduje ta kafa ruga. Sai kuma a buɗe ƙofa ga wanda kekensa ya fi kuɗin ɗan maraƙi, ya shiga ya ɗauki hoto ya fito? Talaka yana kallo. Kuma gandun da maƙwabtansa suka ji haushinsa ba ya daɗewa, ko an zuba masa ma'aikata nawa.

Idan aka auna, za a ga ɓangarorin biyu ba a kan ƙasa ɗaya suke gardama ba, ko da suna kiran ta da suna ɗaya. Hujjar masu keke tana da ƙarfi a burtali da gaɓar kogi, tana da rauni a tsakiyar Falgore. Hujjar masu hanawa kuwa akasin haka: a gandu ba a iya ture ta a halin tsaron da ake ciki, amma a burtali ta fi kama da koke a kan ɗabi'ar mahayi fiye da dalilin haramta hawa. Ba wanda zai iya hana keke bin hanyar ƙauye a ƙasar Wudil, kuma duk dagacin da ya gwada, kansa zai fara kamawa.

Ingila ta taɓa fuskantar kusan irin wannan. Suna da tsofaffin hanyoyin dawaki da suka ratsa gonakin mutane, kuma a 1968 doka ta ba masu keke izinin bin su da sharaɗi guda: su ne za su kauce wa mai doki da mai tafiya a ƙasa. Sukotland ta wuce nan a 2003, ta ba kowa haƙƙin ratsa mafi yawan ƙasa da ƙafa ko keke ko doki matuƙar bai yi ɓarna ba, amma ban da abin hawa mai inji. Abubuwa biyu ke nan da za su zauna daidai a Dagumawa ba tare da an fassara su ba: saniya ce gaba, kuma keke daban babur daban. Na ukun kuwa manomi ya riga kowa saninsa, binciken Montana tabbatar da shi kawai ya yi, wato lokaci. Daga girbi zuwa faɗuwar ruwan farko gonaki a buɗe suke, ƙasa ta bushe, shanu sun bazu suna cin kara, ayarin keke ba zai takura kowa ba. Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa hanya ta matse, zuciya ta matse, tsere a burtali neman magana ne.

Shari'a ma ba baƙuwa ba ce a nan. Malamai suna karantar da cewa in an yi saɓani a kan faɗin hanya, zira'i bakwai ake bari, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan hukuncin ƙasa da hurumi. Matsalar dai zira'i bakwai hanyar mutum ce da dabbarsa, ba ta garke ba, kuma ko ita ɗin a wasu wuraren ba ta cika.

Nan ne maƙwabta suka fi mu. Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, ta ƙara ta makiyaya a 2010, ta kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda mai gari da manomi da makiyayi ke zama tare. A jihar Maraɗi mutum zai ga turakun siminti jere a gefen burtali, kowa ya san inda gona ta tsaya. Ba a ce rigima ta ƙare ba, amma in ta tashi akwai abin nunawa da yatsa. A gefenmu, sau da yawa shaidar iyakar burtali tana cikin kan wani dattijo ne, ko a jikin kututturen aguwar da aka sare bara.

Saboda haka idan matasan Kano masu keke suna son su yi abin da takwarorinsu na Amurka suka yi, ba sai sun fara da rubuta wa ma'aikatar muhalli takardar neman shiga Falgore ba. Su ma na can, abin da ya buɗe musu ƙofofi da yawa shi ne fitowa da shebur da diga suna gyaran hanya tare da ma'aikatan daji. Kwatankwacin wannan a nan shi ne a je gaban dagaci, a kira Arɗo, a kira sarkin noma, a bi hanya ɗaya da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe da rani, wayar da ake ɗaukar hoto da ita a auna faɗi da ita, a kai ƙaramar hukuma ta sa hannu. Aguwa ba ta da tsada: reshe ake karyawa a soka a ƙasa kafin ruwa ya sauka, kuma akuya ba ta cin ta.

Ko makiyayi zai yarda da wannan ƙawance, wata magana ce. Ya sha ganin mutane da takarda da biro suna auna burtali, bayan shekara biyu ya dawo ya tarar an yanka shi fuloti. Zai so ya ga wanda zai fara sauka daga keke ya tura da hannu in garke ya tare hanya a jajibirin kasuwa.